Baƙon Maciji a Tsakar Gida

Ɗana, idan damina ta kankama, ciyawa ta rufe gindin katanga, kwaɗi suka cika kwata, ɓeraye suka tare a ƙarƙashin rumbu, to ka sani mai cin su ma yana hanya. Ba a gayyatar maciji, abinci da maɓoya ke kawo shi. Saboda haka kada abin ya zo maka a ba-zata ranar da za ka ji ihun yara bayan magariba, ka fito da gudu ka tarar da wani abu kwance a bayan randa, launinsa da zanensa ba irin waɗanda ka saba gani ba. Kai ne babba a wurin. Abin da ka yi a wannan ɗan lokaci shi yaran za su ɗauka, shi kuma za su yi ranar da ba ka nan.

Kowa a wurin tambaya ɗaya zai yi: wane iri ne, yana da dafi ko ba shi da shi? Tambayar ba laifi ba ce, amma ita ke jan ƙafar mutum zuwa inda sara zai same shi. Wannan ya matsa don ya ga siffar kan, wancan ya duƙa da tocila yana neman ƙwayar ido, wani ya sa kara zai birkice shi ya ga launin ciki. Ni abin da nake so ka riƙe shi ne, maciji daga nesa ake gane shi. Ka ja baya taku biyar ko shida, ka janye yara, ka haska shi daga nan. Duk wanda idonka bai iya tantancewa daga wannan tazara ba, ka bar shi a kan mai dafi ne, ka ba shi girman da za ka ba kububuwa. Ba a taɓa kwantar da mutum a asibiti don ya ji tsoron macijin da ba shi da dafi ba.

Bari in fara da ita kububuwar, wadda wasu ke wa laƙabi da gobe-da-nisa, domin daga kwarin Binuwai zuwa ƙasar Hausa, har Nijar da arewacin Ghana, babu macijin da ya kai ta kisa. Ga ta kuwa ba wani girma. Yawanci ba ta wuce kamu ɗaya da 'yan kai, wato tsakanin santimita 30 zuwa 60. Launinta na ƙasa ne, wata ta yi ruwan toka, wata ta yi jaja-jaja, da ɗigo-ɗigon fari a jere a bayanta da gefenta. Fatarta da kaushi, ba ta sheƙi. In ta kwanta cikin busasshen ganye ko gindin tarin kara, sai ka tsallake ta ba ka sani ba. Abin da ya fi fitar da ita shi ne halinta in an takura ta. Ba ta fasa kai, ba ta miƙewa tsaye. Naɗe jiki take yi, lanƙwasa bisa lanƙwasa, kai a tsakiya, tana goga gefen jikinta da juna, sai ka ji wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Ranar da ka ji wannan cikin duhu, ka tsaya cak, ka haska ƙasa, ka koma ta inda ka fito. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba, kububuwa kuwa ta fi kunama nesa ba kusa ba.

Dafinta jini yake lalatawa, ya hana shi daskarewa, kuma nan yaudararta take. Ranar farko mutum zai ji zafi, ƙafa ta kumbura, amma yana magana, yana cin tuwonsa, har 'yan uwa su fara cewa ai abin ya zo da sauƙi. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara tsattsafowa daga dasashi, ya fito a yawu, ya fito a fitsari, tsohon mikin da ya fara warkewa ya buɗe. In jinin ya zuba a ƙwaƙwalwa ko a cikin ciki, sai dai wani ikon Allah. Likitocin da suka bi diddigin saranta a arewacin Najeriya tun shekarun 1970, irin su David Warrell da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun nuna cewa cikin mutum 10 da ta sara ba su sami allurar kashe dafi ba, ɗaya ko biyu na iya rasa rai. Ba banza garin Kaltungo a jihar Gombe yake da asibiti sukutum na saran maciji ba, kuma mafi yawan waɗanda ke kwance a gadajensa, musamman lokacin shuka da lokacin girbi, aikinta ne.

Kasa ba ta da wuyar ganewa in ta girma: gajeriya mai kauri, kai faffaɗa, wuya siriri, wutsiya guntuwa, bayanta da zane irin na kan kibiya a jere. Ba ta gudu, shi ya sa ake wa mai nauyin barci ba'a da ita. Sai ta kwanta a kan hanya ta dogara da launinta, in ka matso ta kumbura jiki tana huci. Amma nauyin jikin nan bai shafi saranta ba, kafin ka ƙifta ido ta gama. Dafinta nama yake ci, ƙafa ta kumbura har cinya, wani lokaci sai an yanke. Kuma kasa haihuwa take yi, 'ya'ya da yawa a lokaci guda. In ka ga ƙarama ɗaya a bayan gida, ka ɗauka akwai 'yan uwanta a kusa, kowace kuma da dafinta aka haife ta.

Sai masu fasa kai, waɗanda wani gari ke kira kumurci, wani ya ce gamsheƙa. Kada ka tsaya gardamar suna, halinsu za ka duba. Dogaye ne, jikinsu sumul yana sheƙi, wani ya kai mita biyu. Su suka fi shiga gida, domin 'yan tsaki da ƙwai da ɓera da kwaɗo duk abincinsu ne, kuma sukan bi rariya su shigo har ɗakin kwana su sari mutum yana barci a tabarma. Wanda aka fi gani baƙi ne, da ja a maƙogwaro, jan da ba ka gani sai ya ɗaga kai. Shi ne mai tofi. Daga haƙoransa yake feso dafin, ido yake nufa, daga nisan mita biyu ko fiye, kuma bai cika kuskure ba. Akwai ɗan'uwansa ƙarami mai launin jar ƙasa, shi ma yana tofi, mutane kan raina shi don ba baƙi ba ne. Akwai kuma wanda ba ya tofi sam, amma saransa jijiya yake kashewa: fatar ido ta sauko, harshe ya yi nauyi, haɗiyar yawu ta gagara, daga nan sai numfashi. Ka lura da wani abu. Mai fasa kai ba da kai a fashe yake yawo ba. In yana tafiyarsa hankali kwance, dogon maciji kawai za ka gani, kansa da kaɗan ya fi wuyansa faɗi.

Wannan ya sa ba na ƙaunar hotunan nan da ke yawo a wayoyinku, masu koyar da gane maciji cikin sauƙi. Wai mai dafi kansa kusurwa uku ne, marar dafi kansa mulmulalle. Wai mai dafi ƙwayar idonsa a tsage take irin ta kyanwa, marar dafi tasa a zagaye. Yawancinsu don macizan Amurka aka zana su, kuma ko a can ba su game kowane iri ba. A nan kuwa suna iya kai ka kabari. Kumurci kansa ba kusurwa uku ba ne, idonsa kuma a zagaye yake. Mesa kanta faffaɗa ne, idonta a tsage, ba ta kuwa da dafi ko ɗigo. Macijin gida mai ruwan ƙasa, mai fararen layuka a gefen kai, wanda ke taya ka yaƙi da ɓera, shi ma idonsa a tsage yake, ba shi da dafi. Marasa dafi da dama in sun tsorata sukan baje kai ya yi faɗi don su ba da tsoro. Bayan wannan duka, ka tambayi kanka: a wace tazara mutum ke ganin ƙwayar idon maciji da dare? A tazarar da macijin ke iya kai masa sara.

Launi ma ba shaida ba ne. Yawancin korayen macizan da ke bin darni da bishiyar mangwaro ba su da illa, amma akwai koren macijin bishiya mai manyan idanu da guntun kai wanda dafinsa ke tsinka jini. Ɗan maciji sau da yawa ba launin babba gare shi ba. Wanda ya kusa yin saɓa kuma launinsa kan dusashe, idonsa ya yi hazo, har ya rikita wanda ya san irinsa.

Akwai guda biyu da nake so ka san da zamansu, domin su ke ƙaryata mai cika baki. Na farko macijin da ƙwan tsuntsu kaɗai yake ci. Kusan ba shi da haƙori. Haɗiye ƙwan yake yi ɗungurungum, wasu ƙasusuwan bayansa su fasa shi a maƙogwaro, ya shanye ruwan ya amayar da ɓawon. Wannan bawan Allah, da ba zai iya huda fatar yaro ba, Allah ya ba shi zane irin na kububuwa, kuma in ya tsorata naɗewa yake yi yana goga jikinsa, ya fitar da sauti irin nata sak. In ka ɗauke shi kububuwa ka guje shi, ba ka yi asarar komai ba. Matsalar tana ga wanda ya taɓa ganin an kama shi da hannu, sai wata rana ya ga kububuwa ta gaske a bakin akurki ya ce ai mai shan ƙwan nan ne.

Na biyun ya fi shi mugunta. Ɗan baƙin maciji ne mai sheƙi, kansa da wuyansa kauri ɗaya, idanu ƙanana ƙwarai, wutsiya guntuwa mai tsini. A ƙarƙashin ƙasa yake zaune, sai an yi ruwa da dare yake fitowa, ko a tono shi da fartanya. Tafiyarsa a sanyaye, kamanninsa na marar illa, har yara kan so ɗauka. Samari masu son nuna gwaninta sukan ce ai in ka damƙe maciji ta bayan kai ka gama da shi. Wannan ba a damƙarsa ta ko'ina. Ba sai ya buɗe baki ba, haƙorinsa ta gefen baki yake zamowa ya soki yatsan da ke riƙe da shi ta baya. Yatsan ya kumbura, ya yi baƙi, wasu har su rasa gaɓa, kuma allurar kashe dafin da ke asibitocinmu ba don shi aka yi ta ba.

To daga inda kake tsaye me za ka duba? Ka auna tsawonsa da wani abu da ka sani a wurin, taɓarya ko jerin bulo. Ka ga mai kauri ne ko siriri, yana sheƙi ko da kaushi, jikinsa launi ɗaya ne ko akwai ɗigo, ko layi, ko kan kibiya. Sama da duka ka ga me ya yi da haske ya same shi: ya tsere, ya fasa kai, ya naɗe yana goga jiki, ko ya kwanta yana huci. In wayarka na hannu, ka jawo hoton daga nan inda kake, kada ka ƙara taku ko ɗaya don hoto ya yi kyau. Daga baya ka nuna wa tsofaffin manoma, ko mafarauta, ko ma'aikatan gandun daji. In ka tura shi a WhatsApp kuwa, kada ka yi mamaki mutum goma su ba ka suna biyar.

Na san abin da jinin ƙuruciya ke raya maka: a ɗauko sanda. Kowane saurayi yana son a ce shi ne Bayajidda a bakin rijiyar Kusugu. Amma mutane da yawa a wajen kisan suke gamuwa da sara, macijin da yake neman hanyar fita sai aka tare shi ya juyo. Ka tuna labarin da malaman hadisi suka kawo na saurayin Madina, sabon ango, lokacin yaƙin Khandaƙ, wanda ya dawo gida ya tarar da babban maciji a kan shimfiɗarsa. Ya soke shi da mashi, macijin ya yi wutsil-wutsil ya kai masa, har ba a san wanda ya riga wani mutuwa ba. Hukuncin da aka ciro daga labarin game da gargaɗin macizan gida na malamai ne, ka tambaye su. Abin da ke fili ga kowa shi ne, mashi yana jikin macijin ya sami wanda ya soke shi.

Ra'ayina, in yana tsakar gida kuma akwai hanya, a buɗe masa ita, kowa ya kauce, a bi shi da haske har ya fita. In ya shige ɗaki, a fito da mutane, a ja ƙofa, a toshe ƙasanta da tsumma, a kira wanda ya saba da aikin. In kuwa babu makawa sai an kashe, to aikin babban mutum ɗaya ne mai doguwar gora, da takalmin ruwa a ƙafa, da tabarau in mai fasa kai ne, wani na haska masa daga baya. Ba taron yara da duwatsu ba. Kada kuma a tsiyaya fetur a rami a cinna wuta kusa da danga da rumbu. Mutanenmu kan ce an kashe maciji ba a sare kansa ba, to ka sani ko an sare ɗin, kan yana iya cizo bayan ɗan lokaci, da dafinsa cikakke. Da shebur ake ɗauka, a binne da zurfi inda yara da karnuka ba za su tono ba.

In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, aka sari wani, to ka manta da macijin. Kada kowa ya bi shi cikin duhu don a kai wa likita, kar a tafi asibiti da mutum biyu. A janye wanda aka sara daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da awarwaro da agogo kafin kumburi ya riƙe su. A ɗora wa gaɓar kara ko katako a naɗe sako-sako yadda ake wa karaya, don kada ta riƙa motsi. Kada ya yi gudu, ɗaukarsa za a yi. In a babur ne, wani ya zauna a baya ya riƙe shi. Ba a ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba, domin ƙafafu da yawa ɗaurin ne ya kashe su ba dafin ba. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a kafa ƙaho. Ka tuna aikin kububuwa: mutumin da jininsa ya daina daskarewa, ka sa masa aska, me kake jira? Saboda wannan dalilin ne ma ba a ba shi asfirin da danginsa na maganin ciwon jiki, sai dai farasitamol. In tofi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a yi ta zubawa, kada a murza, sannan a tafi asibiti ko da zafin ya lafa.

Ga abin da zai kwantar maka da hankali kan rashin sanin sunansa. Likita ba ya jiran gawar maciji. Jikin majinyacin ke gaya masa. Za a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilas mai tsabta, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, to da sauran magana. In ya kwarara, an san dafi mai tsinka jini ya shiga, a yankinmu kuwa kusan kullum kububuwa ke nan. Fatar ido da ta sauko tana nuna mai kashe jijiya, irin kumburin kuma yana da nasa bayani. Hotonka da bayanin da ka riƙe ƙari ne a kan wannan. Yaro ma ba a rage masa allura don ƙanƙantarsa, tunda maciji bai rage masa dafi ba, shi da mai juna biyu su suka fi bukatar gaggawa.

Za ka ji ana cewa wane mai magani ya warkar da mutane da yawa ba tare da asibiti ba. Ban ce ƙarya ake yi ba, amma ka san dalili. Macizai da yawa ba su da dafi, masu dafin ma ba kowane sara suke zuba shi ba. Duk waɗannan za su tashi ko ganye aka shafa musu ko ba a shafa komai ba, kuma su ke yawo suna ba da shaida. Wanda kububuwa ta cika wa jini da dafi, aka ajiye shi a gida kwana uku ana jiƙa saiwa, ba ya cikin masu ba da labari. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a kan hanyar asibiti.

Ita ma allurar ba kowace ba ce. Dole a yi ta da dafin macizan ƙasar da za a yi amfani da ita. An taɓa shigo da waɗanda aka haɗa don macizan Indiya zuwa Afirka ta Yamma, suka kasa tsayar da jinin kububuwarmu, aka yi asarar rayuka. Irin su EchiTAb-G da EchiTAb-Plus da dafin macizan Najeriya aka yi su, ta farko daga jinin tumaki a Birtaniya don kububuwa kaɗai, ta biyu daga jinin dawaki a Kosta Rika don kububuwa da kasa da baƙin mai tofi. Masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano sun daɗe suna aiki a kan wannan fage. Sai dai samun allurar yakan yi wuya, kuma ƙarancinta na cikin abin da ya sa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, alhali a lissafinta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara.

Saura gyaran gidan, kuma ka san yawancinsa. A nisanta tarin itace da kara da tsofaffin bulo daga ɗakunan kwana, a ɗaga su daga ƙasa. A share ciyawa daga gindin katanga. A rufe hatsi yadda ɓera ba zai samu ba, a toshe ramukansa, a sa wa rariya raga. Kalanzir da baƙin mai da ake zubawa a bakin ƙofa ba na dogara da su, muddin akwai ɓera a ciki maciji zai sami hanya. Kowa ya fita banɗaki da dare da tocila da takalmi, kada a tura yaro ɗebo itace bayan magariba, mai kwana a ƙasa ya sa gidan sauro ya cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Sannan cikin makon nan, tun ba abin da ya faru, ka je asibitin da ya fi kusa da ku ka tambaya ko suna ajiye allurar saran maciji. In ba su da ita, su gaya maka inda suke tura mutane, ko Kaltungo ne, ko Zamko ta ƙasar Langtang, ko babban asibitin jiharku. Ka rubuta sunan wurin da lambar mai mota ko mai babur da zai tashi da tsakar dare, ka manna a bangon zaure inda matan gida ma za su gani.